Yashi a Gonar Mai Albasa

Da ambaliya ta janye, sai ta bar wa Mai Albasa yashi har gwiwa a gona. Tun mijinta na da rai sunan ya bi ta, don a duk bakin kogin ba wanda ya kama ƙafarta a noman albasa. Ta tsuguna, ta tura hannu cikin yashin har ta taɓo baƙar ƙasa mai sanyi.

"Tana nan," ta ce. "Lulluɓe ta kawai aka yi."

Dogo, ƙanin marigayin mijinta, wanda gonarsa ke manne da tata, yana zaune kan kututturen da ruwa ya yar. Ya ce, "Matar yaya, ke ko gidanki ne ya kama da wuta cewa za ki yi an samu haske. Gona ta mutu, sai addu'a."

"Kai dai tun kana ƙarami fartanya ke sa maka zazzaɓi."

Malamin gona ya zo ya auna ɓarnar, ya ɗauki hotuna, ya ce gwamnati za ta biya tallafi ga duk wanda abin ya shafa. Da yawa suka taɓe baki. Ita kuwa a ranar ta yafa irin albasa a bayan gida, tana ba shi ruwa safe da yamma.

Ba a jima ba aka kira su ofishin noma. Zauren cike yake da dogayen bencina, fanka ɗaya na kuka a sama, an tokare taga da guntun katako. Ma'aikaciya na kiran mutum, ya dangwala yatsa, kafin ya koma mazauninsa wayarsa ta yi ƙara, kuɗi sun shiga. Tsofaffi suna ta miƙa wa na kusa waya a duba musu.

Mai Albasa ta riga kowa fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya.

"Jama'a, ku saurara kafin kowa ya nufi kasuwa. Abin da aka ba mu, in kowa ya riƙe nasa, ba mai iya kwashe yashinsa. In muka haɗa, katafila za mu ɗauko ta share mana baki ɗaya."

Wani dattijo ya ce, "To 'yata, in ruwan ya dawo baɗi fa?"

"Baba, yashin da aka ture shi za mu jibge a bakin kogi ya zama katanga. Shi ya kawo kayansa, da su za mu tare shi."

Aka yi dariya, kuma aka yarda. Dogo ne kaɗai ya zame, ya je ya sayo babur ya fara haya.

Ranar da katafila ta zo, ta yi ta turawa har ta iso gonar Dogo. Direban ya leƙo ya dubi Mai Albasa. "Mama, wannan fa? An ce mai ita bai shiga ba."

"Ture."

Wasu suka fara gunaguni. Ta juya ta dube su. "In aka bar tulin nan a tsakiya, ruwan farko zai raba mana shi gona-gona. Wa ke so?" Direban ya ci gaba da turawa.

Da la'asar sai ga Dogo a kan babur. Ya kashe, ya tsaya yana kallon gonarsa, baƙa wuluk, tana ƙamshin danshi.

"Wa ya ce a taɓa min gona?"

"Ni. Je ka kai ƙara."

Ya cire takalmi, ya taka cikin ƙasar. Can ya sosa ƙeya. "Wannan irin da kika yafa, zai ishi mutum biyu?"

"Zai isa. Amma taki nake nema a gari, kuma yau."

Ta gyara mayafi ta haye bayan babur. "Ja a hankali, ka san ba ka gama iyawa ba."