Yayen Hamida a Tungar Makau

Ƙungiyar tasu ta mahaya keke ce, malaman gona da na makaranta da teloli 'yan Gummi. Sun shirya da zarar ruwan farko ya sauka su ratsa Bukkuyum har Anka, suna raba dashen itatuwa, suna yi wa mutane huɗubar tattali. Kada a zubar da ruwan wanki, a ba shuka. Kada a yar da buhu, a sake mora. Abdulwahabu malamin gona ya fi kowa iya huɗubar nan, har a rediyo ya yi ta, kuma ya yarda da ita irin yardar da mutum kan yi wa abin da ya faɗa sau da yawa.

Shi aka tura ya duba hanya da masaukai. Bai yi musu ba, don ƙauyensu, Tungar Makau, yana gaba da Dareta kaɗan, kuma can aka kai 'yarsa ta fari, Hamida, yaye wurin Innarsa. Ya ɗaura kwandon dashen darbejiya a bayan keke, ya kama hanya.

Washegari da hantsi ya iso. A bakin tafkin ƙauye ya taka burki ba tare da ya san dalili ba, sai daga baya ya gane. Babu agwagi. Tun yana yaro ba a wuce nan sai an yi faɗa da su. Yanzu ruwan a kwance yake, ko'ina shiru, ban da injin niƙa da ke ta gurnani a tsakiyar gari ba ya numfasawa.

Ƙanensa Surajo ya tarye shi, ya yi ƙiba, ga sabon babur a zaure. Tun kafin a kawo ruwa ya fara tsokana, wai malam mai wa'azin tattali ya zo a kan ƙarfen da ya girme shi. Ya ce dutsen zinari ake haƙowa daga daji, a daka a gida, a niƙa, a wanke, kuma duk abin da yayansa ya faɗa a rediyo sun ji, sun bi. Ya ja shi ya gani da idonsa. Ruwan wankin dutse ba a zubarwa, shi ake ba dabbobi da yakuwar bayan ɗaki. Buhunan dutse an kakkaɓe an zuba gero. Ƙasar da ta rage bayan an tsame zinari da ita aka yi daɓen tsakar gida, ga shi sumul, yana wani ƙyalli a rana. Injin ma ba ya zaman banza, in ya gama dutse sai a zuba masa hatsi.

"In 'yan kekenku sun taho, nan za ka kawo su," in ji Surajo. "Mu munka riga ku."

Abdulwahabu ya tambayi agwagi. Surajo ya ce wata cuta ce ta bi su, ta taɓa kaji ma, Allah ya sa iyakarta ke nan.

Inna tana zaune a inuwa tana tankaɗe. Suka gaisa, ya tambayi kowa da kowa har jakin gida, bai tambayi Hamida ba. Mutum ba ya kama sunan 'yar fari gaban uwarsa, ba ya ɗaukarta, ko kallo sai a sace. A sace ɗin ya gan ta. Tana zaune a kan sabon daɓen, tana shafa shi da tafin hannu tana lasa. Wannan yarinya da a Gummi sai an ɗaure mata ƙafa da zane don kada ta faɗa murhu, ga ta zaune kamar an ajiye tulu. Kanta ya riƙa karkata gefe guda, idonta a buɗe, ba ya kan komai.

Inna ta lura da satar kallon, ta yi dariya. Ta ce ƙawar tata fushin nono take yi, duk ɗan yaye haka yake, shi ma ya yi. Ta ce yaran maƙwabta ma duk sun yi laƙwas bana, har biyu sun yi ta farfaɗiya aka ce iska ce, an yi musu turare. Ya tambayi yadda suke yanzu. Inna ta ci gaba da tankaɗe.

Shi dai bai san sunan abin ba. Karatunsa na gona bai kai nan ba. Abin da ya sani, babu agwagi, kuma yarinyar ba ta juyo ba da keken ya faɗi a zaure da ƙara.

Ya miƙe, ya sauke dashen ɗaya bayan ɗaya ya jera a gindin katanga, ya shimfiɗa rawaninsa a cikin kwandon. Sannan ya tsallaka tsakar gida, gaban Inna da Surajo da matan gida, ya sunkuya.

"Hamida," ya ce. "Taho mu tafi."

Tankaɗen ya tsaya.

"Abdu, gabana?" in ji Inna a hankali. "Ni da na yaye ku duka, yau ni ce ban iya ba?"

Ya ɗauki yarinyar, ya zaunar da ita a kan rawanin cikin kwandon. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ya zaci ba za ta fito ba, sai ga ta da ƙullin garin kunu, ta ɗaura a kan keken da hannunta ba ta dube shi ba. Ta ce na ƙawarta ne, jiya aka niƙo.

Sai da ya wuce tafkin ya tsaya. Ya kwance ƙullin, ya ɗebi garin a tafinsa, ya juya shi a rana. Can cikin farin akwai wani abu yana ƙyalli, ɗan kaɗan, irin na daɓen. Ya tona rami da ƙafa ya juye duka, ya rufe, don kada tsuntsu ya ci.

Ya hau ya nufi Anka inda akwai asibiti, yana taka feda yana kiran sunanta, sunan da bai taɓa faɗa da ƙarfi ba sai yau. Sun yi nisa, gurnanin injin ya ɓace, kafin ya ji ɗan hannu ya kama bayan rigarsa.