Jan Zare a Lambun Hajjo

Buhun taki ɗaya, damin igiyar rama, ƙullin kanwa, sabon kwaɗo da makullai biyu saboda awakin maƙwabta. Abin da Hajjo ta sayo ke nan a kasuwar Ɗan Isa, cikin Nijar. Motar da ta shigo tana tsaye a shingen Magama ana duba kaya, sai ta hango wata farar bas a gefen titi. Mata sanye da leshi sun sauko suna ɗaukar hoto da allon iyaka.

Ɗayarsu ta soke furen kabewa a ɗankwali. Jan zare yana lilo a jikinsa.

Hajjo ta sauka tun direba bai gama magana da jami'in ba.

Ta san zaren. Kwana uku tana fita lambu bayan sallar asuba, ta tsinki namijin fure ta goga a cikin macen, ta ɗaure bakin da jan zare don kada ƙudan zuma ya kawo gaurayen kabewar wani. Irin na mahaifiyarsu ne, farar kabewa mai zaƙi da suka taso da ita daga ƙauyen Kusa. Tafin hannu ɗaya ya rage, shi ta shuka bana. Fure goma sha ɗaya ta ɗaure. Ruwa kuma ya kusa ɗaukewa.

Ƙanenta Shamsu, ma'aikacin gona, yana bakin bas riƙe da takarda.

"Yauwa, ga mai lambun!" ya ce. "Yaya, baƙi ne daga birni, masu yawon ganin furanni. Lambu huɗu munka zaga, naki ya hi burge su."

Mai furen ta matso tana murmushi. "Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Har ɗaure mana su kika yi, kamar kin san muna tafe."

Hajjo ta leƙa cikin bas. Fure biyu a kan kujera, ɗaya a ƙasa an taka shi, wasu a cikin robar ruwa. A gindin kowanne akwai 'yar kabewa kamar ƙwan zabo.

"Wa ya ce ku tsinka?"

"Sun tambaye ni," Shamsu ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na ga an ware su da zare, sai na zaci..."

"Ka zaci mi? Shekara huɗu kana karatun noma, ba ka san macen hure ba? Kai da ka ci miyar kabewar nan har ka lashe kwano?"

"Yaya, mutane na kallo."

"Su kalla. Kallo ya kawo su."

Matar ta zare furen daga ɗankwali ta miƙo mata. Hajjo ba ta karɓa ba.

"Riƙe abinki. Kahin ku kai Katsina ya bushe, ki jefar ta taga."

Ta koma ta sauke kayanta, ta tsayar da mai babur, ta nufi lambu. Shamsu ya bar baƙinsa ya biyo ta.

Ƙofar langalangar lambun tana buɗe. Sawun takalma masu tsini ya huda kunyoyin shuka ko'ina. Ta durƙusa tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayinsa yana cin hannunta. Kara, kara, duk an gutsire furen. Sai can jikin danga, inda sai an sunkuya cikin taɓo, ta ga jan zare. Ɗaya.

Ta rufe shi da ganye, ta fito. Shamsu yana tsaye a waje.

"Gobe akwai wata tawagar," ya ce a hankali. "Na riga na sa sunanki."

Hajjo ta jawo ƙofar, ta danna sabon kwaɗon, ta ƙulle makullan biyu a bakin zanenta.

"Goge shi. Ba mai shiga nan sai kabewar Inna ta nuna. Har kai."