Ledar da Na Ɗaura Masa a Ƙafa

Ina cikin guga a shagon wanki Dogo ya faɗo, ko sallama babu. Abokin aikin maigidana ne a wajen wankin mota. Ya ce, "Yaya, ajiye dutsen nan. Mutuminki ya faɗi, mun kai shi asibiti." Na ajiye, ashe a kan farar rigar mutane na ajiye. Sai da ƙauri ya tashi wata ta ɗauke.

A hanya ban tambayi Dogo komai ba. Na san ƙafar ce.

Sati uku kafin nan wani guntun ƙarfe ya soke shi a tafin ƙafa. Ɗan ciwo ne, bai kai ƙwayar wake ba. Yana da ciwon suga, ƙafafunsa sun daɗe ba sa jin zafi sosai, sai ya ce ba komai. Ni kuma ina da bututun wani man shafawa a gwangwanin zare da allura. Likita ne ya rubuta wa autana shi bara, da ƙuraje suka feso masa a haɓa. Kwana biyar ya warke, na adana ragowar. Tun daga nan duk wanda ya ƙuje a gidan, ni ce da man. Har maigidan ya laƙaba mini Likita.

"Likita, ga majinyacinki," haka yake cewa da safe, ya ɗora ƙafar a cinyata. "A bi a hankali, ta aro ce."

Cikin ruwa yake wuni. Na ga ruwan zai wanke man, sai na yi dabara. In lafta shi da kauri, in naɗe da leda, in ɗaure da zare, sannan ya zura takalmin roba. Har daɗin wayona na ji. Da man ya ƙare na kai bututun kemis na karɓo irinsa. Da yamma in na kwance ledar sai in ga fatar ta yi fari ta jiƙe, ga wari. Na ce man ne yake fitar da datti. A sati na uku takalmin ya fara ƙin shiga. Ya yi zazzaɓi kwana biyu, muka ce sauro ne.

A asibiti na tarar wata nas mai gilashi tana yanke ledata da almakashi. Ja ya hau har ƙwauri. Ta ɗauki biro ta zana layi inda jan ya tsaya, ta ce kada ya wuce nan. Sannan ta ɗago.

"Wa yake ɗaura masa wannan?"

Na buɗe baki zan amsa. Shi kuwa haƙoransa na kaɗawa, amma ya riga ni.

"Ni ne, 'yar nan. Taurin kai gare ni."

Kwana huɗu ina zaune ina kallon layin biron. Allura, ƙarin ruwa, allura. Rana ta biyu jan ya tsallake layin. Ta zana wani a gwiwa, shi ma ya tsallake. Suka ce cutar ta shiga jini. Rana ta huɗu da hantsi ya cika.

Ban gaya wa kowa zancen ledar ba. Masu gaisuwa suna ta cewa na kula da shi.

Bayan wata huɗu babbar 'yata ta zo da jikata, 'yar shekara biyar. Ƙuraje sun fito wa yarinyar a gefen baki, masu ruwa da ɓawo kamar busasshiyar zuma. Daga asibiti suke. 'Yata ta buɗe jaka ta fito da kwalin magani. Ban iya karatu sosai ba, amma na san wannan kwalin. Na fizge shi na cusa a zani.

"Mama, lafiya? Ba ni."

"Ba za a sa mata ba."

"Likita ne fa ya rubuta!"

"Shi ya kashe ubanku. Ni na sa masa. Ni na ɗaura ledar."

Ta zauna a bakin gado. Yarinyar tana ta sosa baki. Can 'yata ta ce, "Ɗauko mayafinki."

Nas mai gilashin muka nema. Ta gane ni. Na faɗa mata duka, ina jiran ta kira wani a tafi da ni. Sai ta jawo mini kujera.

"Mama, tun ranar na sani. Namiji ba ya irin wannan ƙullin zaren."

Na ce, "To man ne?"

"Man ba guba ba ne. A saman fata yake aiki. Ciwon Baba ya yi zurfi, ga suga, man ba ya kaiwa can. Ledar kuma ta riƙe danshi."

"Da mun zo da wuri fa?"

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce, "Da ya fi. Sauran ban sani ba."

Ta nuna mini a bayan hannunta yadda za a shafa wa jikata. A wanke hannu, a shafa kaɗan, sau uku a rana, kwana biyar. Ban da ido, ban da cikin baki, ban da leda. In kwana uku ba sauƙi, ko ja ya bazu, ko zazzaɓi ya zo, a dawo. In an gama a yar da sauran, ba na kowa ba ne.

'Yata ta ce ni zan riƙa shafawa. Ranar farko hannuna ya ƙi tsayawa, har yarinyar ta ce, "Kaka, sanyi kike ji?" Ina shafawa ina taɓa goshinta. Rana ta uku ɓawon ya fara zuba. Ta biyar sai ɗan tabo. Sauran man da yawa a bututun. Na buɗe gwangwanin zare, na tsaya, na rufe shi, na kai man kwandon shara.

Yanzu suna zaune tare da ni. Kullum da safe kafin jikata ta sa safa sai ta ɗora ƙafa a cinyata, in duba tafin, in buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, jiya ma kin duba. Zan makara!"

"Kawo ɗayar."