Kwallin Fitar Takaba

Hikmat ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ta baro a zaure.

"Mma, sun zo! Masu aikin ido sun sauka a Salaga!"

Amamatu na zaune bakin ƙofar ɗaki da matsefata a hannu, tana laluben gashin idon da ya juye ciki yana kartar mata ƙwaya. Shekara da shekaru take fama da amosanin ido. Fatar ta lanƙwashe, duk ƙiftawa kamar an watsa mata yashi. Na dama tuni ya yi fari fat. Na hagun ne ya rage, da shi take gane fuskar 'yarta.

"Zauna ki numfasa tukuna. Wa ya gaya miki?"

"Da idona na gani. Ayishetu mai koko, jiya aka yi mata. Ɗan tsaga fatar suke yi, su juyo da ita waje, su ɗinke. Kyauta, kuma ba a kwana. Yanzu na baro ta tana tsince tsakuwa a shinkafa."

Amamatu ta tuntsire da dariya, ta farko tun rasuwar mijinta Imoro. Murna ta hana ta zama. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa tana neman mayafin da ke kafaɗarta. Wai za ta koma rumfar doyarta, za ta zura zare a allura da kanta, za ta je Yendi ta ga jikan da ake ta cewa ya ɗebo hancinta, ta tabbatar ko sharri ake yi wa yaro.

"Na yi wa nas ɗinsu bayaninki," in ji Hikmat tana ɗaura mata ɗankwali. "Ta ce a kawo ki yau, kada gashin ya cinye na hagun. Gobe za su wuce Bawku."

Amamatu ta tsinke igiyar matsefatar daga wuyanta, ta cilla ta bayan randa.

"Ni da ke, haihata-haihata."

* * *

A zaure suka tarar da Alhaji Zibrim, wan marigayi, yana jan carbi. Mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, kuma bai taɓa janye magana ba.

"Ina zuwa haka?"

"Asibiti, Yaya. Masu ido ne suka zo."

"Da takabar a kanki?"

"Baba, na tambayi liman," Hikmat ta ce, ta durƙusa. "Ya ce lalura ce, addini bai hana ba."

"Liman ne zai toshe bakin mutane? A ce ƙasar kabarin ƙanena ba ta bushe ba, matarsa tana ratsa kasuwa? A gidan nan ba a taɓa yi ba." Ya dubi Amamatu, har da tausasa murya. "Saura wata biyu. Idon da ya jira shekaru, ai zai jira."

Amamatu ta buɗe baki. Ta tuna ɗakin da take kwana na gidan gado ne, ta rufe. Ta juya tana dafa bango.

Da la'asar Hikmat ta janye randa ta lalubo matsefatar.

* * *

Ranar fitar takaba gidan ya cika maƙil. An dafa shinkafa da wake, an yi wa marigayi addu'a, mata sai yabon Amamatu suke yi: ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Alhaji Zibrim ya yi bajinta, ya aiko da turmin atamfa, da turare, da sabon tandun kwalli, da madubi.

Hikmat ce ta zizara mata kwallin.

"Ba ta madubin mana ta ga kanta," wata ta ce.

Amamatu ta karɓa da hannu biyu, ta shafa gefensa, ta ɗaga shi daidai fuskarta. Bayan madubin ne ke kallonta.

Ta juya wajen da take jin numfashin 'yarta.

"Hikmat, ya zauna daidai?"