Jimla ta Goma Sha Huɗu

Ku yi mini afuwa. Karatun labarin wasu na saba, rubuta nawa kuwa yau na fara. In na yi tuntuɓe ku kau da kai.

A garin su Auta, kowa na da Rariya a kunne. Ƴar na'ura ce kamar ƙwayar maɓalli, hukuma ta raba ta tun shekarar da aka ce baki ne ke raba gidaje. Duk abin da mutum ya faɗa sai ta tankaɗe shi kafin ya shiga kunnen wani: zagi ya koma nasiha, ƙorafi ya koma godiya. Wanda ya cire tasa kuwa, kafin ya sha ruwa jami'ai sun ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Maganar da ta gagari na'urar, ofishin su Auta ake turo ta. Tebur arba'in ne a hawa na uku, kowanne da allo da maɓallai uku: sassauta, share, saki. Ana sauya muryar mai magana, ba suna, ba unguwa. Daƙiƙa takwas ake ba ka. Shi ya sa mutanen garin suka saba da ɗan shirun nan tsakanin magana da amsa, har yara na zaton haka aka halicci hira.

Ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya da minti goma, wata murya ta faɗo allon Auta.

"Fankar nan ta tsaya tun safe. Bango kawai nake kallo. Tsoro nake ji, ɗayanku ya zauna da ni mana."

Tsoro na cikin kalmomin da littafin aiki ya ce suna ɗaga hankalin iyali. Auta ba ta ko ɗaga gira ba. Ta danna sassauta, ta zaɓi jimla ta goma sha huɗu daga cikin waɗanda aka tanada: "Lafiyata ƙalau, ku je ku huta, kada ku damu da ni." Daƙiƙa biyar ta yi.

Maƙwabciyar teburinta, wadda ake ce wa Barkono, ta leƙo ta murguɗa baki, leɓunanta suka daɗe suna motsi. Abin da ya iso kunnen Auta shi ne, "Sannu da ƙoƙari, ƙawata."

"Ke ma uwar hakan," in ji Auta. Allah kaɗai ya san abin da Barkono ta ji, amma ta yi murmushi.

Da yamma ta tarar da Umma da Yaya a falo suna ninke wanki. Baba wata biyu ke nan yana kwance, tun da ciwon ya kama masa ɓarin jiki, shi da ya yi shekara talatin yana aikin kafinta a tsaye.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi sosai," in ji Yaya. "Ɗazu wajen sha ɗaya na kai masa ruwa, da bakinsa ya ce lafiyarsa ƙalau, mu je mu huta, kada mu damu da shi."

"Kin ji mutum," Umma ta ce tana kakkaɓe zani. "Shekara talatin da biyar bai taɓa ce mini in huta ba, sai da ciwo ya koya masa."

Jakar Auta ta zame daga kafaɗarta. Ta wuce ɗakin Baba ba ta ko cire takalmi ba. Zafi ya dake ta tun daga bakin ƙofa. Fanka a tsaye, wayarta ta zare daga bango. Baba na kwance ta gefen da aka juya shi tun safe, fuskarsa na duban bango, wuyan rigarsa sharkaf.

Ta mayar da wayar, ta durƙusa. "Baba, ni ce na yi. Ka yafe mini."

Ya dube ta, shirun nan ya wuce, sai ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa an yi ruwa a wani gari. Ko me Rariyar ta kai masa kunne? Bakinsa ya motsa, ido ya kawo ruwa, ita kuma ta ji, "Na gode, ƴata, je ki huta."

Ta kai hannu kunnenta. Ta tuna maƙwabcinsu direba da ya cire tasa, aka tafi da shi wata uku, ya dawo ba ya cewa komai sai sannu. Ta sauke hannun. Ta zauna har Yaya ta leƙo.

"Auta, bawan Allah ya ce a bar shi, kin zo kin tsare shi da ido kamar mujiya. Taso."

Ta tashi. Abin da ya fi ci mata rai ke nan daga baya.

A ƙa'idar ofis, muryar da ka tankaɗe sau ɗaya, teburinka za ta riƙa zuwa har mako, don kada magana ta saɓa. Washegari Auta ta zauna a teburinta. Ta sassauta faɗan mata da miji biyu, ta share ashar ɗin wani mai shago. Shugabar sashe, wadda ake ce wa Agogo, na zagaye da takardarta. Duk wanda ya danna saki, sunansa kan fito mata da tsakar rana, kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo teburinsa bayan nan ba.

Sha ɗaya saura kwata muryar ta zo, a hankali fiye da jiya.

"Babba, tsaya. Kada ki fita. Ƙirjina ya yi nauyi, ina ganin ba zan kai yamma ba. Ki kira mini uwarku."

Babba, haka Baba yake kiran Yaya. Ashe tana tsaye a kansa yanzu, da kofi a hannu, tana jiran abin da za a ce ya ce.

Ɗaya, biyu, uku. Jimla ta goma sha huɗu na nan a saman allo, na'urar ta riga ta ba da shawararta. Barkono ta juyo tana kallon yatsan Auta da ke kan maɓallin saki, wanda ba a taɓawa. Ta zaro ido, ta girgiza kai da ƙarfi. Shida. Bakwai.

Auta ta danna.

Ba abin da ya yi ƙara. Allo ya kawo wata murya, wani yana yi wa ɗansa faɗa a kan keke. Ba ta san ko Yaya za ta yarda maganar ubanta ce ba, ko za ta ɗauka na'urar ce ta lalace. Daga nan zuwa gida minti arba'in ne a mota in hanya ta yi kyau.

Agogo ta ba da baya tana duba teburi na ashirin. Barkono ta jawo kujerarta ta tare hanyar gani, ta duƙufa kan allonta kamar ba ta san komai ba. Auta ta bar jakarta a rataye don a zaci bayan gida ta shiga, ta riƙe takalmanta a hannu, ta bi ta matattakalar baya.