Gawo a Ramin Tassa

Shekarar da maigidana Rabo ya rasu, shi ya haƙa tassa a fakon da ke bayan garinmu, wajen hanyar Illela. Tassa ramuka ne kamar bakin ƙwarya, ana zuba musu taki don ruwa ya kwanta hatsi ya samu. Ya gama haƙa, ya zuba kashin awakinmu, sai zazzaɓi ya kayar da shi. Kwana tara. Bai ga ruwan farko ba.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba ni taka ƙofar gida. Ƙanensa Bawa ya yi mana shuka, yaranmu suna biye da shi, Tsahara mai shekara bakwai da Ƙasimu mai biyar.

Kwanakin nan ba na rarrabe safiya da marece. Ina zaune a rumfa, audugar tumfafiya tana ƙetaro danga, tana yawo a tsakar gida a hankali kamar mai neman wani. Nakan bi ta da ido har ta ɓace.

Wata rana Tsahara ta shigo da wani ɗan tsiro a tafin hannu.

"Inna, wanga ba hatsi ba na. Cikin ramin Baba muka ishe shi."

Na duba ganyen, ƙanana jere kamar gashin tsuntsu. Gawo ne. Rabo ya sha cewa da fakon nan zai samu gawo ko uku, da hatsi ya yi kauri a gindinsu, da ya samu wurin kishingiɗa.

"Baba ya shuka shi?" in ji ta.

Na so in ce i. Amma na ce su ɗebo mini kashin awaki. Na murƙushe ɗaya, na murƙushe biyu, a na huɗu sai ga ƙwaya mai sheƙi.

"Kun tuna da rani, da Babanku ke kakkaɓo wa awaki 'ya'yan gawo? Ga su nan. Ƙwayar tauri gare ta, in ka binne ta haka nan sai ta daɗe tana barci. Sai ta ratsa cikin akuya ta yi laushi. Akuya ta ɗauko, Babanku ya kai rami, ruwa ya tashe ta."

Ƙasimu ya toshe hanci yana dariya. "Gawo ɗan kashi!"

Na nuna musu audugar tumfafiya, kowace da ƙwayarta a rataye, iska ne jakinta. Na cire ƙarangiya daga wandon Ƙasimu na ce wannan kuma kai ne jakinta. Na ce duk abin da suka gani ya tsiro, tafiya ya yi kafin ya zo.

Ran Alhamis za a yi noma. Bawa kuwa mutum ne mai son gona fes, ko tsinke ba ya bari. Na yi masa magana ta bayan danga, na ce a bar gawon da suka tsiro a ramuka.

"Matar yaya, gona kike so ko kurmi?" in ji shi. "A ce Bawa ya bar gonar marayu ta cika da itace? Mutum shida na gayyato, ba mai tsayawa leƙen rami."

"In an sa alama hwa?"

"In an sa, a bari."

Na fasa wa yaran karan dawa gajeru, na ce su kafa kusa da kowane gawo. Suka fita da sassafe. Ni kuwa na zauna ina ganin fakon a raina ya yi duhu da itatuwa, kurciyoyi na kuka, wani mutum kwance a ƙarƙashi ya rufe fuska da malafa.

Da azahar Bawa ya dawo da su, yana dariya yana share gumi.

"Karatunki ya yi yawa. Gonar duk kara ce. Ƙarangiya da karanta, tafasa da karanta, har tumfafiya."

"Su ma tahiya suka yi," in ji Ƙasimu. "Sun gaji."

Manoman sun rasa wanne za su bari, sai suka bi da hauya gaba ɗaya. Idon Tsahara ya yi ja. Bawa ya ce a ƙarshen gona ta zauna a bakin wani rami ta ware ƙafafu, ta ƙi tashi, shi kuma ya ce a kewaye ta.

"Guda ɗai, Inna," ta ce. "Ƙafata biyu ce, ba su kai ga sauran ba."

Sauran kwanakin takaba, kullum ita ke kawo mini labarin gawon da ya tsira. Yau ya yi sabon ganye. Yau ya fitar da ƙaya fara. Bawa da kansa ya saro geza ya kewaye shi saboda dabbobi, bai gaya mini ba.

Ranar da na fita takaba, na yi wanka, ban tsaya gaishe-gaishe ba na nufi fako. Hatsi ya kai ƙuguna. Tsahara ta ja ni har wurin. Gawon bai fi tsawon hannuna ba, inuwarsa ba ta rufe ko tafin ƙafa. Na zauna a gabas da shi, inda inuwar ta faɗi, na sa hannuna a cikinta, yaran suka zauna su ma.