Kogin Cinca Ya Sake Hanya

Dusar ƙanƙarar duwatsu ta narke, kogin Cinca ya cika ya batse, mutanen ƙauyen Laspuña kuwa kamar an yi musu bushara. Watan Mayu ke nan, lokacin da ake ɗaure gumaguman itace da murɗaɗɗun rassa a yi nabata, a hau ta a gangara har gadar Aínsa.

Bana aka ba Orosia filafilin gaba karo na farko. Mai filafilin gaba shi ke zaɓen hanya, haka al'ada take. Amma wanda ke riƙe da na baya ubanta ne, tsoho Chusé, mutumin da ko gishirin miya ba ya yarda wani ya zaɓa masa. Wannan ce gangarowarsa ta ƙarshe, gwiwoyi sun ƙi. Orosia ba ta da buri sai ta kai shi gada a tsaye, ba a tsamo shi daga ruwa a gaban jama'a ba.

Suka kunce nabatar. Ruwan sanyi ya dinga marin ƙafafunsu, nabata na ƙara tana lanƙwasa, mutanen bakin gaɓa na ihu.

"Chusé, riƙe wandonka!" in ji wani.

"Riƙe bakinka, malalaci!"

Orosia dariya take, zuciyarta na dakan luguden murna, har suka iso inda tsibirin tsakuwa ya raba kogin biyu.

"Dama!" Chusé ya daka tsawa. Tun yana saurayi dama yake bi.

Ta duba. Ambaliyar hunturu ta cike hannun dama da tsakuwa, ruwan ya yi fari-fari, ko gwiwa ba zai kai ba. Koren ruwan mai zurfi ya koma hagu. In suka bi dama, nabata za ta cake ta watso tsohon.

"Hagu, Baba!"

"Ke, ni za ki koya wa Cinca?"

"Ni ce a gaba! Hagu!"

Ta danne filafili da duk ƙarfinta. Ba za ta iya juya nabatar ita kaɗai ba, ta kuma san haka. Sai ta ji bayan nabatar ya biyo ta, tsohon ya danne nasa filafilin. Suka kurɗa hagu kamar kibiya, ruwa har ƙugu, tana ihu yana zage-zage.

Da gadar Aínsa ta bayyana, maƙil da mutane, Chusé ya tako kan gumaguman a hankali, ya cire baƙar hularsa ya ɗora mata a ka. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗan banzan kogi," ya ce. "Ya sake hanya bai gaya mini ba. Ke ya gaya wa."